Kwarmin Iwilimidan: Tarihin Ƙasar da ke Tsakanin Azbin da Sakkwato

Daga gindin duwatsun Azbin a arewa har zuwa fadamun Rima da na Kabi a kudu, ƙasa tana zaune ne a kan wani makeken kwarmi da masana ilimin ƙasa da duwatsu ke kira kwarmin Iwilimidan, da sunan babbar ƙungiyar Abzinawa makiyaya ta yankin Azawak. Ido ba ya ganin rami a wurin, domin rairayi da laka da tsakuwa sun daɗe da cike shi, sun taru sun daskare sun zama dutse, har kaurinsu ya kai mita 1,500 zuwa 2,000 a inda ya fi zurfi. Kwarmin ya mamaye galibin yammacin Nijar, ya leƙa gabashin Mali da kudancin Aljeriya da arewacin Benin, ya kuma shiga arewa maso yammacin Najeriya, inda ake kiran wannan ɓangare kwarmin Sakkwato. Tsofaffin duwatsu masu tauri ne suka yi masa katanga: Ahaggar a arewa, Azbin da Damagaram a gabas, Adrar na Ifogas da Liftako a yamma, sai duwatsun Zamfara da Katsina a kudu maso gabas.

Ba a cike shi a zama ɗaya ba, ba kuma daga gefe ɗaya ba. Shimfiɗun duwatsunsa suna kwance kamar tabarmin da aka jera, kowace ta hau bakin ta ƙasanta amma an ɗan ja ta kudu. Saboda haka mai tafiya daga In Azawa da ke iyakar Aljeriya, ya bi ta Arlit da Agadas da Tawa ya sauka Gwandu, yana tashi ne daga kan duwatsu masu shekaru kusan miliyan 500 ya ƙare a kan waɗanda ba su kai miliyan 50 ba. Abin da aka zuba a kowane zango ya danganta ne da abin da ke faruwa a kewaye: tsauni ya tashi ya zaizaye, ƙanƙara ta sauko ta narke, narkakken dutse ya ɓullo, teku ta shigo ta janye.

Tsaunukan da suka riga kwarmin

Kafin a samu kwarmi sai da aka samu gindin da zai zauna a kai. Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, tsohuwar dunƙulalliyar ƙasar Afirka ta Yamma, wadda a yau take ɗauke da Gana da Burkina Faso da yammacin Mali, ta yi karo da wasu gutattakin ƙasa da ke gabas da ita. Tekun da ke tsakaninsu ta rufe, duwatsu suka nannaɗe suka hau juna, aka samu jerin tsaunuka da ya miƙe daga Ahaggar ya ratsa Najeriya da Togo har arewa maso gabashin Barazil, wadda a lokacin take manne da Afirka. Wannan karo yana cikin waɗanda suka haɗa babbar nahiyar Gondwana. A yankin Gurma na Mali an samu duwatsu ɗauke da wani ma'adini da ba ya samuwa sai a zurfin da ya kai kilomita 90 ko fiye, shaidar cewa bakin wata nahiya ya nutse ƙarƙashin wata kafin ya sake tasowa. Irin wannan hujja ce ta sa masana ke kwatanta tsaunukan da Himalaya ta yau.

Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya rage a tsaye. Ruwa da iska sun cinye su cikin miliyoyin shekaru, sai saiwoyinsu kawai. Dutsen Kufena na Zariya da na Kwatarkwashi narkakken dutse ne da ya huce a can cikin tsaunukan, bai ga rana ba sai bayan da aka kwashe kilomitocin duwatsun da ke bisansa. Jijiyoyin zinariyar Anka da Maru da Birnin Gwari ma suna cikin duwatsun da wannan karo ya matse. Wani gadon da ya bari, wanda ya fi waɗannan tasiri ga kwarmin, shi ne manyan tsagogi da suka keta ƙasa daga arewa zuwa kudu. Tsagar da ta taɓa buɗewa ba ta warkewa sarai. Duk sa'ad da nahiyar ta matsu ko ta miƙe daga baya, ta nan ƙasa ke motsawa, ta nan ne kuma ruwa da narkakken dutse ke samun hanya.

Da tsaunukan suka ƙare, sai aka bar shimfiɗaɗɗen fili mai ɗan gangara zuwa arewa. Manyan koguna marasa gaɓa tsayayya suka dinga malala a kansa suna zuba rairayi, teku kuma tana shigowa daga arewa jefi-jefi. Wannan rairayi ne ya zama duwatsun yashin Tasili na Aljeriya da na Jado a arewa maso gabashin Nijar, da kuma shimfiɗun farko na arewacin Iwilimidan.

Ƙanƙara a inda Sahara take

Kimanin shekaru miliyan 445 da suka wuce, tafiyar da nahiyoyi ke yi a hankali ta kai wannan ɓangare na Afirka kusa da ƙuryar kudu ta duniya, wurin da Antatika take a yau. Ƙanƙara ta taru ta lulluɓe galibin abin da yanzu ake kira Sahara, tana tura kanta tana gangarawa arewa wajen teku. Wannan batu ne da ke da wuyar shiga kan wanda ya san zafin Agadas a watan Mayu, amma shaidarsa a fili take, kuma hannu na iya taɓa ta.

A Tasili da Jado akwai falalen duwatsu da aka kankare, da dogayen zane-zane a jere, duk sun fuskanci gefe guda. Tsakuwar da ta maƙale a ƙarƙashin ƙanƙara ce ta ja su yayin da ƙanƙarar ke tafiya, wani zanen siriri kamar na ƙusa, wani kuwa kwari ne da mutum zai kwanta a ciki. A bisan falalen akwai wani cakuɗaɗɗen dutse, laka da yashi da ƙananan duwatsu da manya duk a haɗe babu tsari. Ruwa ba ya ajiye kaya haka, domin shi yakan tace, ya sauke mai nauyi da farko, marar nauyi daga baya. Ƙanƙara ce ke kwaso komai ta zubar a wuri guda in ta narke. Akwai kuma kwaruruka masu zurfi da ruwan narkewa ya haƙa a ƙarƙashin ƙanƙarar, daga baya yashi ya cike su. Masanan Faransa da ke aikin neman man fetur a Sahara ne suka tattara waɗannan shaidu, kuma littafin da Serge Beuf da abokan aikinsa suka fitar a 1971 a kan tsofaffin duwatsun yashin Sahara ya sa batun ya zauna daram a wurin masana.

Sanyin bai daɗe ba a ma'aunin tarihin ƙasa, ƙila bai kai shekaru miliyan biyu ba, amma ɓarnarsa ta game duniya. Ruwan da ya daskare ya sa teku ta ja baya da gomman mitoci, tekuna marasa zurfi suka ƙafe, kuma ana ƙiyasin kusan kashi 85 cikin 100 na nau'o'in halittun teku sun ƙare. Da ƙanƙarar ta narke, teku ta dawo da sauri ta haye ƙasa, ta ajiye baƙar laka mai cike da ragowar ƙananan halittu a ruwan da iska ba ta kai gindinsa. Wannan baƙar laka, bayan ta binnu ta dahu da zafin ƙasa, ita ce uwar mafi yawan man fetur da iskar gas na tsofaffin duwatsun Aljeriya da Libiya. Man Hasi Mas'ud da aka gano a 1956 daga gare ta ya fito, a filin Sharara na Libiya kuwa, man yana kwance ne a cikin yashin da ƙanƙarar kanta ta bari. A Iwilimidan waɗannan shimfiɗu sun taƙaita ne ga kusurwar arewa, ba su kuma binnu da zurfin da na Aljeriya suka yi ba. Man da Nijar ke haƙa a Agadem daga wani kwarmi ne dabam, mai ƙarancin shekaru, a gabashin ƙasar.

Zobban dutse daga Azbin zuwa Jos

Wanda ya dubi hoton Azbin da tauraron ɗan'adam ya ɗauka zai ga baƙaƙen da'irori a jere daga arewa zuwa kudu. Kowace da'ira gindin wani tsohon dutse ne mai aman wuta. Narkakken dutse yakan taso ya taru a ƙarƙashin ƙasa, ya yi aman toka da wuta, sai rufin wurin ya rufta ciki, narkakken dutsen ya bi tsagar da ta kewaye ruftawar ya daskare. In zaizaya ta kwashe saman, zoben ne ke saura. Akwai kusan talatin irinsu a Azbin, galibinsu masu shekaru miliyan 400 da ɗoriya. Tamgak yana cikinsu, haka ma Bagazam, wanda ƙololuwarsa mai tsawon mita 2,022 ita ce mafi tsawo a Nijar. Zoben Mugur-Mugur kuwa faɗinsa ya kai kilomita 65, yana cikin mafiya girma a duniya.

Abin mamaki shi ne jerin bai tsaya a Azbin ba, kuma shekarunsa suna raguwa ne in ana yin kudu. Na Damagaram da Muniyo, har da duwatsun da suka yi wa birnin Damagaram ƙawanya, suna tsakanin shekaru miliyan 320 da 260. Na Najeriya, waɗanda suka haura hamsin, sun fara daga kimanin miliyan 213 a wajen Dutse, suka bi ta Riruwai da Ningi da Jos, suka ƙare a Afu da kimanin miliyan 141. J. D. Falconer ne, a littafinsa na 1911 a kan ƙasar Arewacin Najeriya, ya bambanta su da tsofaffin duwatsu irin su Kufena. Masana sun yi saɓani a kan dalilin wannan tafiya ta kudu. Wasu sun ce nahiyar ce ke wucewa a kan wani wuri mai zafi da ke can ƙasa, wasu suka ce tsofaffin tsagogin nan ne ke buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Tazarar shekaru sama da miliyan 250 da ke tsakanin farkon jerin da ƙarshensa ta sa magana ta biyu ta fi ƙarfi.

Waɗannan duwatsu ne suka kawo kuza. Maƙeran Riruwai sun daɗe suna narka ta suna sayar da ita sirara-sirara a kasuwannin ƙasar Hausa, kuma bin sawun wannan haja ne ya kai Turawan kamfani tudun Jos a farkon ƙarni na 20. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait, wanda ake samu tare da kuzar. A Azbin ma an haƙi kuza a Elmeki. Amma babban abin da suka yi wa kwarmin Iwilimidan shi ne, dutsen da tokarsa suna ɗauke da yuraniyom fiye da sauran duwatsu, kuma duk abin da ruwa ya wanko daga yammacin Azbin cikin kwarmin yake sauka.

Kwal da yuraniyom na Tim Mersoi

Ɓangaren kwarmin da ke manne da yammacin Azbin shi ake kira Tim Mersoi, kuma nan ne ƙanƙara da aman wuta da motsin tsagogi suka haɗu a wuri guda. Kimanin shekaru miliyan 340 da suka wuce sanyi ya sake dawowa Gondwana. Wannan karon ƙanƙarar ba ta game yankin ba, daga kan tudun Azbin ta gangaro, ta bar tarin tsakuwa da manyan duwatsu a kwaruruka, waɗanda ake gani a shimfiɗar da ake kira Terag. Bayan ta janye, teku ta shigo daga arewa, koguna daga Azbin suka dinga zuba yashi a bakinta, fadamu masu duhuwar tsirrai suka kafu a gefe. Tsirran da suka mutu suka binnu cikin taɓo ba tare da sun ruɓe ba, su ne kwal ɗin Anu Araren da ke kusa da Cirozerin. Kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, yana ƙona shi yana ba Agadas da Arlit wutar lantarki.

A daidai wannan zamani, can nesa a arewa maso yamma, Gondwana tana karo da nahiyar da ta ƙunshi Turai da Amurka ta Arewa, karon da ya tayar da tsaunuka a Maroko da Muritaniya. Matsin ya ratso har tsakiyar Sahara ya motsa tsofaffin tsagogi, ciki har da wadda ta taso daga In Azawa ta bi ta Arlit. Wani gefen ƙasa ya ɗaga, wani ya sauka, hanyoyin koguna suka bi yadda tsagar ta tsara musu.

Yadda yuraniyom ya taru abu ne da ya cancanci a tsaya a kansa. In ruwa yana ɗauke da iskar shaƙa, yakan narkar da yuraniyom ya tafi da shi. In kuwa ya iske wurin da babu iskar, kamar yashin da ke cike da ragowar ganye da itace, sai yuraniyom ɗin ya rabu da ruwan ya manne a wurin. Ruwan da ya wanke duwatsun Azbin da tokar aman wutar da ta zuba a kwarmin ya dinga ratsa yashin tsofaffin kogunan nan, yana bin tsagar Arlit, yana sauke kayansa a duk inda ya ci karo da ragowar tsirrai, har abin da yake a warwatse ya dunƙule a 'yan wurare. Da babu aman wutar Azbin, da babu yuraniyom ɗin. Da babu fadamun da suka biyo bayan ƙanƙara, da babu abin da zai kama shi. Da babu tsagar, da ruwan bai bi ta nan ba.

An fara ganin alamarsa a Azelik a 1957, lokacin da masu bincike na Faransa ke neman tagulla. Ba a banza suke nemanta a can ba. Masu tonon kayan tarihi da dama na ganin Azelik ita ce Takedda da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353, ya ba da labarin tagullarta da ake kaiwa Gobir da Barno. An kafa ma'aikatar SOMAÏR a 1968, ta fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971 daga buɗaɗɗen rami. Ma'aikatar COMINAK ta fara a 1978 a Akuta, tana haƙa a zurfin kimanin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, ta rufe a watan Maris na 2021 bayan ta fitar da kusan tan 75,000. Ta bar miliyoyin tan na dusar ma'adini mai tururin guba, a yankin da jama'a ke shan ruwa daga shimfiɗun yashin da ke ƙarƙashinsu. Kula da wannan tari aiki ne da zai wuce rayuwar duk wanda ya haƙa shi. Ajiyar Imuraren, wadda aka gano a 1966 a wata shimfiɗa mai ƙarancin shekaru, tana cikin mafiya girma a Afirka.

Hamada ta farko, sannan koguna

Kimanin shekaru miliyan 260 da suka wuce duk nahiyoyin duniya suna haɗe wuri guda, wannan yanki kuma yana can tsakiya, nesa da kowace teku. Jajayen duwatsun Moradi da ke kusa da Arlit sun nuna ƙasa ce busasshiya. An tono dabbobin da ba a samu irinsu a wani wuri ba, ciki har da Bunostegos, mai girman saniya da ƙulli-ƙulli a ka.

Daga nan ruwa ya dawo. Shekaru miliyoyi koguna da tafkuna suna zuba yashi da jar laka, shimfiɗun da masanin Faransa Conrad Kilian ya ba suna a 1931 a matsayin na tudu da ke tsakanin zamunan teku biyu. Jar lakar filin Irhazer tana cikinsu. Daga ƙarƙashinta ruwan gishiri ke ɓuɓɓugowa a Tagidda, inda ake shanya shi a ɗaruruwan ƙananan ramuka, kuma gishirin wannan fili ne ke tara Fulani da Abzinawa da dabbobinsu a Ingal ƙarshen kowace damina. A gindin gangaren Tigidit ana tsintar gungumen itatuwa da suka zama dutse, da zoben shekarunsu a bayyane, a inda yau da ƙyar ake samun inuwa.

Ƙasusuwan da ke cikin waɗannan shimfiɗu sun sa sunan Nijar ya shiga kowane littafin tarihin halittu. Masu neman yuraniyom ne suka ci karo da ƙasusuwa birjik a Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas, aka turo masani Philippe Taquet a tsakiyar shekarun 1960. Daga wurin aka fitar da Sarcosuchus, kada mai tsawon da ya haura mita tara, da dainoso Ouranosaurus mai doro, wanda ƙasusuwansa ke gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya ƙara da Suchomimus mai cin kifi a 1998, da Nigersaurus mai haƙora sama da 500 a 1999, da kuma Jobaria daga yankin Ingal. Dabbobin Gadufawa sun rayu kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce, a bakin koguna masu faɗi. A wannan zamani ne Amurka ta Kudu ke ɓallewa daga Afirka, ƙasa ta tsage ta buɗe kwarin Binuwai da na Termit, inda man Agadem ya samu daga baya.

Teku a Sakkwato

Kimanin shekaru miliyan 94 da suka wuce duniya ta yi zafi, babu ƙanƙara a ƙuryoyinta, ruwan teku ya hau fiye da kowane lokaci a zamunan baya-bayan nan. Teku ta shigo daga arewa ta ratsa Sahara ta gabashin Azbin, ta haɗe da Atilantika ta kwarin Binuwai, ta raba Afirka ta Yamma da sauran nahiyar. A tuddan Damargu kusa da Tanut ana tsintar naɗaɗɗun ɓawon halittun wannan teku, farin dutsen da masana'antar siminti ta Ashaka ke ci ma ita ta ajiye shi. Ta janye, kwarin Binuwai ya matsu ya nannaɗe kimanin shekaru miliyan 85 da suka wuce, sannan ta sake dawowa, wannan karon ta yamma, ta mashigin Gao, ta cika tsakiyar Iwilimidan har Sakkwato. Ba ta da zurfi sosai, kimanin mita 50 ne, ruwanta kuma ɗumi gare shi.

Sunayen shimfiɗun wannan zamani sunayen garuruwa ne da kowane Basakkwace ya sani. Gundumi da Illo yashin koguna ne na kafin zuwan tekun. Taloka da Dukamaje da Wurno na zuwanta Sakkwato na farko ne, kimanin shekaru miliyan 70 zuwa 66. Dange da Kalambaina da Gamba na zuwanta na biyu ne, bayan ƙarewar dainoso. A lakar Dukamaje aka samu ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da W. E. Swinton ya fara bayyanawa a 1930, daga baya masanan Italiya suka sake tono a gundumar Goronyo, suka raɗa masa Goronyosaurus a 1972. Akwai kunkurun teku da kifaye da kadoji a tare da shi. Farin dutsen Kalambaina kuwa tarin ɓawon halittun teku ne, in aka fasa shi akan ga katantanwa da sauran ɓawo a kwance yadda suka mutu. Shi masana'antar simintin Sakkwato ke haƙa tun 1967, shi ne kuma ake haƙa a Malbaza ta tsallaken iyaka, domin shimfiɗa ɗaya ce. Lakar Dange na ɗauke da dunƙulen fosfat, irin wanda ake samu a yankin Tawa ana niƙawa a yi taki. Farfesa Cornelius Kogbe yana cikin waɗanda suka fi yin rubutu a kan wannan ɓangare.

Ɗagawar arewa da ruwan ƙasa

Kimanin shekaru miliyan 50 da suka wuce teku ta fita, ba ta sake dawowa ba. Afirka ta soma matsar Turai, karon da ya tayar da tsaunukan Atlas da Alf, kuma daga kimanin miliyan 35 Ahaggar da Azbin suka kumbura suka sake aman wuta. Ƙololuwar Tahat ta Ahaggar ta kai mita 2,908. A kudancin Azbin baƙin dutsen wannan sabon aman yana nan a kan tsoho, ruwan zafin Tafadek da mutane ke zuwa wanka don neman lafiya ma alama ce ta ɗumin da ya rage a ƙasa. Ɗagawar ta juya gangaren yankin gaba ɗaya. Ruwan da a da yake yin arewa ya koma yin kudu, ya kwaso yashi da laka ya zuba a kudancin kwarmin, su ne shimfiɗar Gwandu da takwarorinta na Doso da Yamai. Damina da rani na dogon zamani suka tara ƙarfe a samansu ya zama marmara, wadda ta yi wa tuddan Adar da na Dogon Dutsi hula, daga irin waɗannan duwatsu kuma maƙera suka dinga samun tama. Dallol Boso da Dallol Mawuri hanyoyin manyan koguna ne da suka gangaro daga arewa a zamunan ruwa. Jigayin da ake noman gero a kansu daga Maraɗi zuwa Daura tuddan rairayi ne da iska ta tara kimanin shekaru 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai, Sahara kuma ta matso kudu.

Mafi amfanin abin da kwarmin ya ajiye shi ne ruwa. Shimfiɗun yashi suna riƙe shi, na laka suna rufe shi, kuma da yake duk sun karkata zuwa tsakiya, ruwan da ke ƙasa a matse yake. Shi ya sa rijiyoyin burtsatse a fadamar Rima, tsakanin Argungu da Birnin Kabi, suka dinga tumbatsa da kansu ba tare da famfo ba sa'ad da aka fara haƙa su. Wannan taska ta ratsa ƙarƙashin Mali da Nijar da Najeriya a faɗin da ya kai murabba'in kilomita 500,000, kuma ƙasashen uku sun yi aikin auna ta tare ƙarƙashin cibiyar OSS da ke Tunis.

Sai dai ruwan iri biyu ne. Na sama yana samun ƙari kowace damina. A gabashin Yamai ma an auna cewa ya hau da 'yan mitoci tun shekarun 1960, saboda sare daji ya sa ruwan sama ke gudu ya taru a tafkuna ya nutse. Na can ƙasa kuwa, awo ya nuna galibinsa ya shiga ne dubban shekaru da suka wuce, a zamunan da yankin ya fi yanzu ruwa, kuma abin da ke komawa cikinsa a yau kaɗan ne. Birane da gonakin rani da masana'antu suna ƙara dogara da shi, rijiyar da aka haƙa a Ƙonni kuma tana jan ruwa ɗaya da wadda ke Illela. Wajibi ne hukumomin ɓangarori biyu na iyakar su riƙa auna abin da ake ja, su rufe bakin rijiyoyin da ke tsiyaya dare da rana ba mai amfana, domin daminar bana ba za ta mayar da ruwan da aka zubar daga wannan zurfi ba.